Karatun jami'a a gidan yari: yadda jiha za ta haɗa kan masu sa ido, bisa tsarin Amurka

Zango goma sha biyu kacal gwamnatin tarayyar Amurka ke biya wa ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi ta tallafin Pell a tsawon rayuwarsa, ko yana gida ko yana ɗaure. Digirin farko kiredit 120 ne, kiredit kuwa shi ne ma'aunin nauyin kwasa-kwasan da ɗalibi ya ci. Ɗalibin da ke ɗaukar kiredit 12 a zango, wato mafi ƙarancin abin da ake lissafawa a matsayin cikakken karatu, sai ya yi zango goma kafin ya sauke. Rarar biyu ke nan. Idan aka ɗauke shi daga wannan gidan yari zuwa wancan ana tsakiyar karatu, ɗaya ya tafi. Idan kwalejin da ya tarar a can ta ƙi karɓar kwasa-kwasan da ya ci a baya, ɗayan ma ya bi sahu. Daga nan duk tuntuɓen da aka sake yi, digirin ne zai sha.

Da wannan lissafi ya kamata jiha ta riƙa auna tsarinta na sa ido. A ƙarshen kowace shekara a tambaya: zango nawa aka ƙona wa ɗalibai ba tare da sun fita da kiredit ba, kuma a hannun wa aka ƙona su?

A 1994 ne majalisar dokokin Amurka ta haramta wa fursunonin gidajen yarin tarayya da na jihohi tallafin Pell, cikin babbar dokar yaƙi da laifuka da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu, kuma cikin 'yan shekaru mafi yawan azuzuwan kwaleji da ke gidajen yari suka mutu murus. Gwamnatin Obama ta buɗe 'yar ƙofar gwaji a 2015, aka zaɓi makarantu 67 a 2016. A Disamban 2020 majalisa ta ɗage haramcin, Ma'aikatar Ilimi ta fitar da ƙa'idojin aiki a Oktoban 2022, tsarin ya kankama ranar 1 ga Yuli, 2023. An ƙiyasta cewa mutum kusan 760,000 ne aka buɗe wa hanya. Sai dai kuɗin bai dawo sakaka ba. Fursuna ba zai taɓa shi ba sai ta shirin karatu da aka amince da shi, kuma sa hannun farko na hukumar gidan yari ne.

Wuƙa da nama a hannun mai tsaro

Ƙa'idar ta ce hukumar da ke riƙe da gidan yarin ita ce mai sa ido. A gidajen jiha, ma'aikatar gidajen yari ta jihar; a na tarayya, hukumar gidajen yari ta tarayya; a ƙananan gidajen kaso na gundumomi kuwa, duk wanda ke gudanar da su. Ita ke ce wa kwaleji bismillah, ita ce kuma bayan shekara biyu za ta yanke hukunci ko shirin na amfanar ɗalibai.

Nan gizo ke saƙa. Ma'aikatar da sana'arta ƙidayar mutane da kulle ƙofa ita aka ce ta auna ko malamin lissafi ya cancanta. Ba ta da masaniyar abin, ba kuwa laifinta ba ne. Waɗanda suka san shi, wato hukumar manyan makarantu ta jiha da hukumar tantance makarantu da hukumomin ba da lasisin sana'a, ba su riƙe da makullin ko da ƙofa ɗaya. Don haka a fara da naɗa mutum biyu da sunansu: ɗaya a ma'aikatar gidajen yari wanda ba shi da wani aiki sai wannan, ɗaya takwaransa a hukumar manyan makarantu. A ɗaure su da rubutacciyar yarjejeniya da shugabannin hukumomin biyu suka sa wa hannu, mai fayyace wa ke duba takardun malamai, wa ke duba manhaja, wa ke duba tsaro, da kwana nawa kowa zai yi kafin ya ba da amsa. Idan aka jingina aikin a kan jami'in da ke kula da karatun yaƙi da jahilci da koyon sana'a, ana cewa ai duk ilimi ne, takardun kwalejoji za su yi wata da watanni a kan teburinsa.

Fasali biyu aka fi gani. A jihar Washinton, ma'aikatar gidajen yari tana ƙulla yarjejeniya da hukumar da ke kula da kwalejojin al'umma da na fasaha, ita kuma ta raba aikin ga kwalejojinta, don haka ƙofa ɗaya ake ƙwanƙwasawa. A New Jersey kuwa makarantu ne suka haɗu a ƙarƙashin inuwar NJ-STEP mai mazauni a Jami'ar Rutgers. Fasalin farko ya fi sauƙin riƙo inda manyan makarantun jiha ke ƙarƙashin hukuma ɗaya. Inda kowace jami'a ke cin gashin kanta, ko masu zaman kansu suka riga kowa shiga, kamar yadda Kwalejin Bard ta yi a jihar Niyok tun farkon shekarun 2000, haɗakar ce mafita, amma sai an ba ta ofishi da ma'aikaci, in ba haka ba ta zama taron shan shayi.

Tambayar wa ke riƙe da wuƙar ta fara shafar Najeriya ma. Gyaran tsarin mulkin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris ɗin 2023 ya fitar da gidajen gyaran hali daga jerin ayyukan tarayya ita kaɗai zuwa jerin da jihohi ma ke da hurumi a kai. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiyoyi a gidaje irin su Kirikiri da Kuje da Inugu, tana koyar da fursunoni kyauta, kuma mu'amalarta da hukumar gyaran hali ta tarayya ce. Duk jihar da ta kafa nata gidajen, ranar da ta so a yi karatun digiri a cikinsu, dole ta zauna ta raba wa kanta wannan aikin tsakanin ma'aikatar da ke tsaro da ma'aikatar ilimi mai zurfi, da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, a gefe.

Kwamitin shawara

Kafin mai sa ido ya yanke hukunci, ƙa'idar tarayya ta wajabta masa jin ta bakin ɓangare huɗu: wakilan fursunoni, ƙungiyoyin da ke kare muradunsu, ofishin manyan makarantu na jiha, da hukumomin tantancewa. Ba a ce lallai sai an kafa kwamiti ba, kuma shawararsu ba ta ɗaure shi. Duk da haka a kafa, don jin ra'ayi na rana ɗaya bayan shekara biyu ba ya gyara komai. Mutum tara zuwa goma sha uku sun isa, su zauna sau huɗu a shekara, a sa zaman ya zo daidai da farko da ƙarshen zango. A ƙara kujerar ma'aikatar ƙwadago da ta magatakardan wata kwaleji, domin shi ya san inda kiredit ke ɓacewa.

Muryar ɗaliban da ke ciki ita ce ta fi wuyar samu. Ɗalibi ba zai ce aji na makara ba alhali gandiroban da ke rubuta masa laifi yana tsaye bakin ƙofa. A riƙa yin zama ɗaya a shekara cikin gidan yarin, mai gadi ya tsaya inda zai gani amma ba zai ji ba, a kuma raba takardar jin ra'ayi marar suna wadda ma'aikacin kwaleji zai tattara a ambulan rufe. Duk shawarar da ma'aikata ta ƙi, ta rubuta dalili.

Wa za a bari ya shigo

Fom ɗaya, lokacin karɓa ɗaya ko biyu a shekara, ma'aunin zaɓe a bayyane. Da zarar an bar kowace kwaleji ta je ta shirya da shugaban gidan yarin da ke kusa da ita, sai jiha ta wayi gari da yarjejeniyoyi goma masu karo da juna.

Sharuɗɗan tarayya su ne gindi. Makarantar ta zama ta gwamnati ko mai zaman kanta wadda ba ta neman riba. Masu neman riba an rufe musu ƙofa. Kada ya zamana cikin shekara biyar da suka wuce an dakatar da ita, ko hukumar tantancewa ta hukunta ta, ko jiha ta janye mata lasisi. Kiredit ɗinta ya zama karɓaɓɓe a aƙalla makaranta ɗaya a jihar. Wannan na ƙarshe ya yi sako-sako da yawa, kuma jiha na da damar ɗaure shi. "Karɓaɓɓe" na iya nufin a karɓi kwas a jefa shi cikin na zaɓi, ba ya rage ko kwana ɗaya daga hanyar digiri. A nemi jadawali kwas bayan kwas da ke nuna wanne ke maye gurbin wanne, da sa hannun makarantar da za ta karɓa.

Batun lasisi kuma a duba shi da idon basira. Ƙa'ida ta hana koyar da sana'ar da dokar jiha ko ta tarayya ta haramta wa mai irin wannan laifin. Aikin jinya da koyarwa a makarantun yara da wasu ayyukan harkar kuɗi su ne inda aka fi cin karo. Kwaleji ba za ta iya wannan bincike ita kaɗai ba. Jiha ta sa lauyoyinta su fitar da jeri ɗaya na sana'o'i da irin laifin da ke toshe kowacce, a sabunta shi duk shekara bayan majalisar jiha ta tashi, kowace makaranta ta yi aiki da shi.

Bayan amincewar mai sa ido sai ta hukumar tantancewa, sannan ta Ma'aikatar Ilimi ta tarayya. Kowane gidan yari ana rubuta shi a matsayin ƙarin reshen makarantar, ko da karatun ta wasiƙa ne ko ta kwamfuta. Rassa biyu na farko su ke shan cikakken bincike, kuma hukumar tantancewa za ta kai ziyarar gani da ido cikin shekara ɗaya da farawa. Kada a tara ɗalibai a sanar da su ranar fara aji kafin takarda ta uku ta fito. Ƙaramar kwaleji kuma ta lura: idan fursunoni suka haura kashi 25 cikin ɗari na ɗalibanta, sai ta nemi izini na musamman, in ba haka ba tallafin tarayya na makarantar gaba ɗaya ya shiga haɗari.

Kafin a amsa wa kowa, a shimfiɗa taswirar jiha a tebur. Makarantu kan yi rububin gidan yarin da ke bakin birni, na ƙauye su tashi a tutar babu. Dambu in ya yi yawa ba ya jin mai: kwaleji uku a gida ɗaya mai aji biyu rigima ce kawai. Gidan mata, wanda a jihohi da yawa ɗaya ne ko biyu, shi aka fi mantawa, ko a bar shi da kwas guda. A tsara abin hawa-hawa: takardar shaida ta shiga cikin ƙaramin digiri mai kiredit 60, shi kuma ya shiga cikin babban, kuma a tabbata wanda ya gama na ƙasa yana da hanyar kaiwa gidan da ake yin na sama. Kalifoniya ta bi wannan hanya. Dokarta ta 2014 ta ba kwalejojin al'umma damar shiga su koyar ido da ido a biya su, digirin farko ya biyo baya a gidan yarin Lancaster a 2016.

Yarjejeniyar aiki: nan ake ci, nan ake faɗuwa

Abu na farko da za a rubuta shi ne riƙo, wato alamar da ake sa wa fayil ɗin ɗalibi cewa kada a canja masa gidan yari har zango ya ƙare. Ga dalili a lissafe. A ɗauki zango mai mako 15. Dokar tarayya ta ce ɗalibin da ya janye kafin a ci kashi 60 cikin ɗari na zangon, wato wajen mako na tara, gwargwadon kwanakin da ya yi kawai ya cancanci tallafi, sauran a mayar wa gwamnati. Motar canji ta ɗauke shi a mako na shida, ke nan kashi 40 ya ci, kwaleji ta mayar da saura, giɓin ya koma bashi a kan mutumin da albashinsa na wata bai taka kara ya karya ba. In kuwa a mako na goma aka ɗauke shi, kuɗin zangon duka sun tafi, kiredit babu ko ɗaya. Ba a nan ta tsaya ba. Makarantu na auna ci gaban ɗalibi kafin su ci gaba da ba shi tallafi, galibi matsakaicin maki 2.0 da cin kashi biyu cikin uku na kwasa-kwasan da ya ɗauka, kuma kwas ɗin da aka janye ana ƙirga shi cikin waɗanda aka ɗauka aka kasa gamawa. Ɗalibin da aka ɗauke a zangonsa na biyu zai iya faɗowa ƙasa da layin ba tare da ya faɗi jarrabawa ko ɗaya ba.

Riƙon da ke takarda kawai ba ya aiki. Ofishin da ke rarraba fursunoni yana duba kwamfutarsa ne da gadajen da suka rage, bai san da wata yarjejeniya ba. Sai alamar ta shiga cikin manhajar da yake amfani da ita, ta fito masa ja a fuska idan ya zo canja mutum. A rubuta ranar da kwaleji za ta miƙa sunaye, misali mako biyu kafin a fara aji, da wanda zai shigar da su, da wanda kaɗai ke da ikon karya riƙon, da dalilan da aka yarda: rashin lafiya, umarnin kotu, barazana ga rai. Kowane karyawa a rubuta shi a kawo wa kwamiti. A kuma rubuta cewa bashin da canji ya jawo ba zai hau kan ɗalibi ba, kuma kwaleji za ta karɓi takardar canjin a matsayin hujjar ɗaukaka ƙara. A Najeriya, inda wajen kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen gyaran hali masu jiran shari'a ne, wannan matsala ta fi tsanani, tunda beli ko hukuncin kotu na iya zuwa kowace safiya.

Na biyu, awanni. A ma'aunin tarayya kiredit ɗaya na nufin awa ɗaya a aji da awa biyu na nazari kowane mako. Kwas mai kiredit uku awa 45 ne a aji da awa 90 a waje. Mai kiredit 12 yana buƙatar awa 24 na nazari a mako, a wurin da talabijin ke ta ɓaɓatu kuma ake kashe wuta a kan ƙa'ida. Idan ba a ware ɗakin nazari da lokacinsa a jadawalin gidan ba, awannin nan a takarda kawai suke. Haka aji: an rubuta ƙarfe ɗaya zuwa huɗu, ƙidayar fursunoni ta rana ta ƙi daidaita, ɗalibai suka iso biyu saura kwata, malami kuma tun sha biyu yake zaune a bakin ƙofa ta biyu yana jiran mai rakiya. Minti 45 a kowane zama, sau goma sha biyar, ya haura awa 11, kusan rubu'in kwas. A ajiye littafin rubuta lokacin da aji ya fara da lokacin da ya tashi, malami da mai gadi su sa hannu. Kulle fursunoni a ɗakunansu kuwa, na faɗa ne ko na ƙarancin ma'aikata, ba makawa zai zo. Ƙa'idar tarayya ta yarda zango ya kai daga mako 14 zuwa 21, don haka a tsara mako 17 ko 18 ga kwas mai mako 15, a kuma tanadi darussa a takarda da za a iya turawa ɗaki-ɗaki.

Na uku, littattafai da kayan aiki. A 2019 ma'aikatan gidan yarin Danville a jihar Illinois sun kwashe littattafai fiye da 200 daga ɗakin karatun wani shiri na Jami'ar Illinois, da yawansu kan tarihin baƙaƙen fata da wariyar launi. Sai da maganar ta kai gaban 'yan majalisar jiha kafin a mayar da su. Rigakafinsa shi ne a rubuta: kwaleji ta miƙa jerin littattafai kwana 60 kafin zango, a ba ta amsa cikin 30, ƙin amincewa ya zo a rubuce da lambar shafin da ake ƙorafi a kai, ɗaukaka ƙara ta tafi hedikwata inda malami ɗaya zai zauna cikin masu dubawa, kuma littafin da aka amince da shi a gida ɗaya ya wuce a duk gidajen masu matakin tsaro iri ɗaya. Kwamfuta ma haka. A fayyace wa ya mallake ta, wa ke gyara, ko ana shiga da ita ɗaki, da yadda ɗalibi zai samu muƙalun bincike ba tare da buɗaɗɗen intanet ba. Karatun da ke kan kwamfutar hannu zalla ya fi arha kuma ya fi sauƙi ga masu tsaro, shi ya sa suke son sa. A tambayi makarantar kwana nawa malami ke yi kafin ya amsa saƙon ɗalibi, ta kawo shaida.

Sauran a taƙaice. Tantance malamai ta zama ɗaya ga jiha duka, kada mutum ya maimaita horon tsaro a kowane gida. Ƙaramin laifi kada ya fitar da ɗalibi daga aji. A lissafa karatu a matsayin aikin da aka ba fursuna, da ɗan albashinsa, in ba haka ba talaka zai zaɓi kicin. Masu larurar gani ko ji a tanadar musu abin da doka ta ce. Dokar tarayya ba ta ware kowa saboda nau'in laifi ko tsawon wa'adi ba, har masu ɗaurin rai da rai. Idan jiha za ta sa nata shingen, ta rubuta shi a fili.

Kuɗi

Mafi girman tallafin Pell a shekarar karatu ta 2023 zuwa 2024 dala 7,395 ne. Ga fursuna, kuɗin makaranta da littattafai da kayan aiki da kuɗin lasisin farko kawai yake biya, ba a miƙa masa canji, kuma ba ya cin bashin karatu na tarayya. Mai sa ido ya nemi ganin lissafin dalla-dalla. Idan kuɗin da kwaleji ta yanka ya zo cif da iyakar tallafin, a tambayi yadda aka yi.

Fom ɗin neman tallafin, wato FAFSA, yana da nau'in takarda na masu ɗaure, kuma takarda na cin lokaci, don haka a fara cike shi wata uku ko huɗu kafin zango. Tarko biyu ne a nan. Wanda bai kai shekara 24 ba ana neman bayanan iyayensa, amma jami'in tallafi na makaranta yana da ikon ɗauke masa wannan saboda ɗaurin. Na biyu, tsohon bashin karatu da aka daina biya yana toshe Pell. Biya shida a jere kan lokaci na dawo da cancanta, tara cikin wata goma na wanke bashin daga jerin waɗanda suka gaza. Duka biyun na buƙatar waya da wasiƙa, don haka ma'aikata ta ba da layin da ba a cajin kuɗi. Jiha kuma ta duba nata tallafin: New Jersey ta buɗe wa fursunoni nata a 2020, Niyok ta dawo da nata a 2022 bayan ta rufe shi tun 1995.

Hukuncin shekara biyu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayanan da za a yi hukunci da su tun zangon farko ake tara su. Abu huɗu ne wajibi: ko ƙwarewar malamai da takardunsu da yawan barinsu aiki sun yi kama da na harabar makarantar, ko kiredit na tafiya kamar na sauran ɗalibai, ko ana ba da shawarar karatu da ta neman aiki a ciki, da dab da fita, da bayan fita, da ko wanda aka saki zai iya ci gaba a kowane reshen makarantar ba tare da asarar kiredit ba. Yawan masu kammalawa, samun aiki, albashi da komawa gidan yari, waɗannan zaɓi ne.

A yi hattara da na ƙarshen. Binciken cibiyar RAND na 2013 ya nuna yiwuwar komawa gidan yari ta ragu da kashi 43 cikin ɗari ga waɗanda suka yi karatu a ciki, kuma kowace dala ɗaya da aka kashe tana ceto huɗu zuwa biyar. Hujja ce mai ƙarfi a gaban majalisa lokacin kasafi. Amma ba a auna kwaleji guda da ita, domin bayan shekara biyu waɗanda aka saka 'yan ƙalilan ne, kuma makarantar da ta san da wannan za a auna ta sai ta fara tsince waɗanda da ma ba za su koma ba.

Musayar bayanai na da nata ƙulli. Ma'aikata ce ta san ranar canji da ranar saki, kuma wajibi ne ta ba makaranta. Makaranta ce ke da sakamako, kuma dokar FERPA ta 1974 ta hana ta miƙa shi ba da izinin ɗalibi ba. A shirya takardar izini ɗaya mai faɗin abin da za a bayar da wanda zai gani, a kuma hana amfani da maki wajen ladabtarwa. Alƙaluman da ake kai wa kwamiti a rarrabe su gida-gida, maza da mata, da launin fata, tare da shafi na musamman: zango nawa aka ƙona, saboda canji nawa, saboda kulle nawa, saboda malami ya gudu nawa. Wannan shafi shi ke nuna cewa wani lokaci mai sa idon ne ya jawo faɗuwar da yake shirin hukunta kwaleji a kai, shi ya sa bai kamata ma'aikatar ta rubuta rahoton ita kaɗai ba.

Bayan hukuncin farko, ana sake wani hukuncin aƙalla kwana 120 kafin yarjejeniyar makarantar da Ma'aikatar Ilimi ta ƙare. Ranar kowace makaranta daban take, don haka jami'in haɗin gwiwa ya riƙe kalanda ɗaya mai ɗauke da su duka.

Idan hukunci ya zo cewa shirin bai amfani ɗalibai ba, ko kwaleji ta ce ta gaji, kada a rufe aji a tsakiyar zango. Tun ranar shigowa ake sa ta rubuta sunan makarantar da za ta gaji ɗalibanta, da alƙawarin miƙa wa kowane ɗalibi takardar sakamakonsa kyauta, kwafi biyu: ɗaya a hannunsa, ɗaya a fayil ɗin da ke bin sa duk gidan da aka kai shi. Na hannun kan ɓace a binciken ɗaki ko a motar canji, don haka kwafin fayil shi ne magatakardan sabuwar makaranta zai nema.